Tambayoyinku kan Fasaha: Dawowar Suikoden da Sauran Tsofaffin Wasannin Japan

Tambayoyin wannan mako sun taru ne a kan tsofaffin wasannin labari na ƙasar Japan, waɗanda ake bin jarumi daga ƙauyensu har zuwa ƙarshen yaƙi, da kuma yadda kamfanoni suka shiga tono su bayan an yi shekaru ba a ji ɗuriyarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, kuma tun ina yaro na buga Suikoden II a PlayStation ɗin yayana. Na ji an ce wasan ya dawo. Shin sabo ne aka yi, ko tsohon ne aka wanke? Kuma me ya sa aka daɗe haka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsohon ne aka gyara. Kamfanin Konami ya haɗa wasa na farko, wanda ya fito a Japan a 1995, da na biyu, wanda ya fito a 1998, ya fitar da su tare ranar 6 ga Maris, 2025 da sunan Suikoden I & II HD Remaster. Labarin bai canza ba, jarumai 108 da ake tarawa suna nan, haka ma hedikwatar da take bunƙasa duk lokacin da ka shawo kan wani ya shigo rundunarka, ko maƙeri ne, ko mai kanti, ko mayaƙi.

Dalilin dogon shirun ba guda ɗaya ba ne. Yoshitaka Murayama, wanda ya ƙirƙiro jerin wasannin Suikoden, ya bar Konami a 2002. An ci gaba ba tare da shi ba har zuwa Suikoden V a 2006 a kan PlayStation 2, daga nan aka koma ƙananan na'urorin hannu, kuma wanda ya fito a 2012 a kan PSP, ƙaramar PlayStation ta hannu, ko fita daga Japan bai yi ba. A wannan tsakani kuɗin yin wasa ya yi tashin gwauron zabo, domin na'urorin zamani suna buƙatar zane mai tsananin kyau, kuma wasan da yake da mutum fiye da ɗari, kowanne da fuskarsa da motsinsa da ɗan labarinsa, ya fi yawancin wasanni cin ma'aikata. Wajen 2015 Konami ya karkata hankalinsa ga wasannin waya, sai aka jingine Suikoden.

Abin da ya biyo baya darasi ne ga duk mai bibiyar wannan kasuwa. A 2020 Murayama da wasu tsofaffin abokan aikinsa, ciki har da mai zane Junko Kawano, suka nemi gudummawar jama'a a Kickstarter, shafin intanet na tara kuɗi, domin yin wani wasa mai irin wannan tsari, Eiyuden Chronicle: Hundred Heroes. Mutum fiye da 46,000 suka zuba kuɗi har aka tara kimanin yen miliyan 481. A Satumbar 2022 Konami ya sanar da gyararren Suikoden a bikin baje kolin wasanni na Tokyo. Murayama ya rasu a Fabrairun 2024, wata biyu kafin fitowar sabon wasan nasa, don haka bai ga ko ɗaya daga cikin biyun a kasuwa ba, abin da har yanzu yake taɓa zuciyata idan na tuna.

Yana da kyau ka bambance hanyoyi uku da kamfanoni suke bi. Akwai gyaran fuska, inda ake barin ƙashin bayan wasan yadda yake, a gyara hoto da sauti, wanda shi ne aka yi wa Suikoden. Akwai sake gini daga tushe, kamar yadda kamfanin Square Enix ya yi wa Trials of Mana a 2020, wasan da asalinsa na 1995 ne. Sannan akwai sabon babi gaba ɗaya, kamar Visions of Mana na 2024, wanda ya zo bayan jerin wasannin Mana ya yi kusan shekara 18 ba babban wasa. A fahimtata, gyaran fuska shi ne ma'aunin da kamfani yake gwada zurfin ruwa da shi kafin ya zuba kuɗi a sabon babi.

Tambaya: Malam, na jona tsohuwar PlayStation ɗina da talabijin ta bango, sai hoton ya fito a dagule, ba kamar yadda na san shi ba. Na'urar ce ta lalace? Idan kuma kamfani yana da wasan a ajiye, me zai sa gyaransa ya ci shekaru?

Amsa: Na'urarka lafiya take. Wasannin wancan zamani galibi an zana su ne da ɗigo kusan 320 a kwance da 240 a tsaye, wato ɗigo 76,800, alhali talabijin ta yau mai 1920 da 1080 tana da fiye da miliyan biyu, ninki 27 ke nan. Idan ka raba 1080 da 240 za ka sami huɗu da rabi, kuma tunda ba a iya raba ɗigo ɗaya gida biyu, dole talabijin ta yi cike-cike, shi ya sa gefen hoto yake narkewa ko ya fito da tsini-tsini. Tsohuwar talabijin mai tudu a baya kuwa tana zana hoto ne layi-layi da haske mai ɗan yaɗuwa, launuka suna shiga juna, kuma masu zanen sun san da haka, sun yi aikinsu ne da wannan allon a gabansu. Ƙari a kan haka, tsohon allo faɗinsa 4 ne a kan 3, na yau kuma 16 a kan 9, don haka idan talabijin ta miƙe hoton domin ya cika fuska, mutane sai su koma gajeru masu faɗi. Ka shiga saitin talabijin ɗinka ka mayar da shi 4:3, sannan ka kunna yanayin wasa idan tana da shi, domin ya rage jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da ganin motsi.

Wannan matsalar ita ce amsar tambayarka ta biyu. Gefen dama da hagu da sabon allo ya ƙara babu komai a cikinsu a asalin wasan, sai an zana su. A Suikoden an sake zana shimfiɗar garuruwa da dazuzzuka, aka bar mutanen da ɗigonsu na asali, Kawano kuma ta sake zana fuskokin jaruman wasa na farko. An ƙara sautuka irin na ruwa da takun ƙafa, an kuma gyara fassarar Turanci, wadda a Suikoden II take cike da kurakurai. An yi niyyar fitar da shi a 2023, amma aka ɗage.

Zaton da ake yi cewa komai yana ajiye a ma'adanar kamfani shi ma ba ko da yaushe yake zama gaskiya ba. A shekarun 1990 da farkon 2000 ba a ɗauki adana ainihin rubutun manhaja da manyan zane-zane da muhimmanci ba, ana gama aiki a wuce na gaba. Tetsuya Nomura, daraktan wasannin Kingdom Hearts a Square Enix, ya bayyana a 2013 cewa bayanan asali na Kingdom Hearts na farko sun ɓata, har sai da ma'aikata suka sake gina abubuwa da dama kafin a fitar da gyararren.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce, kuma ƙanina ya ce waɗannan wasanni na tsofaffi ne, ana tsayawa kowa ya jira layinsa kafin ya kai duka. Ba gara a mayar da su irin na yanzu masu saurin faɗa ba?

Amsa: Malama, a nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Dole a bambance abin da masu wasan suka zaɓa da abin da na'ura ta tilasta musu. Faɗan bi-da-bi, inda kake tsara mutum shida, ka san wa zai tsaya gaba, wa zai yi magani, waɗanne biyu ne za su haɗa hari, zaɓi ne, kuma yana da kusanci da dara: daɗinsa yana cikin tunanin da ake yi kafin a motsa. Amma rashin damar adana wasa sai a wasu wurare ƙalilan yana da alaƙa da katin ajiyar PlayStation, wanda kilobayit 128 kawai yake ɗauka, an raba shi gida 15. Babu dalilin da zai sa wanda aka ɗauke masa wuta ya yi asarar aikin awa guda saboda iyakar na'urar da ta shekara talatin.

Gyaran da nake yabawa shi ne wanda ya cire irin wannan wahala ya bar tsarin. Sabon Suikoden ya zo da damar hanzarta faɗa, da adanawa ta atomatik a wasu wurare, da ajiyar hirarraki domin a koma a karanta abin da ya wuce. Da aka kai Final Fantasy Pixel Remaster, wato gyararrun Final Fantasy na ɗaya zuwa na shida, kan na'urar Switch ta Nintendo da PlayStation 4 a 2023, an ƙara maɓallin kashe faɗan ba-zata da na ninka ladan da ake samu, an kuma kawo wani salon rubutu bayan masu wasa sun yi ƙorafi a kan siririn rubutun da aka fara sakawa a 2021. Dragon Quest III da aka sake ginawa a Nuwambar 2024, da salon da yake haɗa mutane masu ɗigo da shimfiɗa mai zurfi da haske na zamani, bai canza tsarin faɗan bi-da-bi ba, kuma ya wuce kwafi miliyan biyu cikin ƙanƙanin lokaci.

Riƙe tsohon abu da ƙarfi ma yana da nasa aibin. Eiyuden Chronicle ya kwaikwayi zamanin da har da wasu daga cikin wahalhalunsa, kuma waɗanda suka saye shi a kan Switch sun koka da jinkirin buɗe wurare. Ki gaya wa ƙaninki ya ba Suikoden II awa uku. Idan labarin abokai biyu da yaƙi ya raba bai kama shi ba, to irin wasan ne bai dace da shi ba, kuma wannan ba laifi ba ne.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na ga wani shafi yana cewa a sauke sabon Suikoden kyauta a Android. In sauke?

Amsa: Kada ka sauke. An fitar da gyararren ne a kan PlayStation 4 da 5, da Xbox, da Switch, da kwamfuta ta hanyar Steam, shagon sayar da wasanni na intanet. Fayil ɗin da ya zo daga shafin da ba a sani ba yana iƙirarin shi ne wannan wasa, mafi yawan lokaci manhajar talla ce ko ta satar bayanai, kuma idan ya nemi izinin karanta saƙonninka ko izinin sarrafa allon wayarka, to lambobin sirrin da banki yake turo maka yake nema. Na waya da Konami ya sanar a Maris 2025 sunansa Suikoden Star Leap, sabon labari ne, irin wanda ake saukewa kyauta amma ana sayen abubuwa a ciki, don haka a Play Store ko App Store kawai za ka neme shi, kuma ka tabbatar sunan Konami ne a matsayin mai shi. Idan tsohon salo kake so a waya yanzu, Final Fantasy na ɗaya zuwa na shida da Chrono Trigger da wasu daga cikin Dragon Quest suna Play Store da sunan Square Enix, ana biya sau ɗaya.

Tambaya: Malam, kwamfutata ta cinya ce ta aikin ofis. Za ta ɗauki waɗannan wasanni?

Amsa: Wasannin da aka yi wa gyaran fuska sun fi waɗanda aka sake ginawa sauƙin nauyi nesa ba kusa ba, don haka damarka ta fi yawa a Suikoden fiye da Visions of Mana. Ka danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta dxdiag, za ka ga sunan injin kwamfutarka da girman RAM da katin hoto, sai ka gwada su da mafi ƙarancin buƙatun da aka jera a ƙasan shafin wasan a Steam. Idan ka saya ya ƙi tafiya yadda ya kamata, Steam yana mayar da kuɗi matuƙar ba ka wuce awa biyu kana bugawa ba, kuma ba a yi kwana 14 da sayen ba, saboda haka ka gwada shi tun ranar farko, kwamfutar tana jone da caja.