Na Sauke Ɓoyayyun Ajiya Amma Na'urar GPS Ta Ƙi Nuna Su

Tambaya: Ina buga wasan jiyokashin, wato neman ajiyar da wasu suka ɓoye ta hanyar bin lambobin wuri. Da waya na saba yi, kwanan nan na sayi na'urar hannu ta Garmin eTrex 30. Na sauke fayil daga shafin Geocaching.com na jefa a cikinta, da na kunna ban ga komai ba. Da na sake gwadawa sai wasu suka fito, har da waɗanda na riga na gano, kuma na kasa share su. Sannan akwai wata ajiya da na shigar da lambobinta da hannu, na'urar ta ce tana nesa da fiye da kilomita 20, alhali na san kusa take. Don Allah ina kuskuren yake?

Amsa: Matsaloli uku ka kawo, kuma biyun farko tushensu ɗaya. Waya tana janyo sabon bayani daga intanet duk lokacin da ka buɗe manhaja. Ita eTrex ba ta da labarin abin da ke gudana a shafin. Abin da ka zuba mata a fayil shi kaɗai ta sani, kuma haka zai zauna har ranar da ka canza shi da hannunka. Don haka ka ɗauke ta a matsayin jakar tafiya, rumbun kuwa yana kan kwamfuta.

Mu fara da fayil ɗin. Na'urar tana karanta nau'in da sunansa ke ƙarewa da .gpx. Idan da Pocket Query ka haɗa jerinka, wato binciken da shafin ke ba masu biyan kuɗin rajista, wanda ke ɗaukar ajiya har 1,000 a lokaci guda, to sakamakon yana zuwa ne a ƙunshe cikin zip. Na'urar ba ta kwance zip. Wannan shi ne abin da ya fi hana sababbin shiga ganin komai, kuma ina kyautata zaton shi ya same ka a karon farko. Kwance ƙunshin a kwamfuta, za ka tarar da fayil biyu. Babban yana ɗauke da ajiyoyin da kansu: suna, lambar da ke farawa da GC, lambobin wuri, girman mazubi, matakin wahala da na yanayin ƙasa daga 1 zuwa 5, bayanin mai ajiya, ɗan hasken da ya bayar kan inda ya ɓoye ta, da rahotannin waɗanda suka je kwanan nan. Ƙaramin, mai ƙarewa da -wpts.gpx, shi ke ɗauke da ƙarin alamomi kamar wurin ajiye mota, bakin hanyar shiga da zangunan ajiya mai matakai. Mutane da yawa suna watsar da ƙaramin, sai su ƙare suna ratsa ƙaya zuwa wurin da ke da hanya a fili ta ɗaya gefen.

Sai inda ake ajiye su. Ka haɗa na'urar da kwamfuta ta wayar USB, za ta bayyana kamar filashi. Buɗe foldar Garmin, a cikinta akwai wata mai suna GPX, nan ne gidansu. Fayil ɗin da aka yasar a waje da wannan folda, na'urar ba za ta ko kalle shi ba. Idan akwai katin microSD a ciki, zai fito daban, kuma a kansa kai ne za ka ƙirƙiri foldar Garmin, ka sa GPX a cikinta. Shawarata ka riƙa zuba ajiyoyi a katin. Dalili kuwa, duk lokacin da aka kunna na'urar sai ta bi fayilolin ta tsara su, kuma fayil ɗaya da ya lalace yana iya sa ta maƙale a hoton farko ta ƙi wucewa. In a kati yake, ka zare katin ta tashi lafiya, ko kana tsakiyar daji. In a cikinta yake, sai ka nemi kwamfuta. Abin da ke lalata fayil galibi shi ne fizge waya kafin kwafi ya kammala, saboda haka ka sallami na'urar daga kwamfuta tukuna, kuma bayan ka kunna ka ba ta lokaci ta gama karatu.

Ka kuma san inda za ka duba. A menun na'urar, ajiyoyi suna ƙarƙashin Geocaches, ƙarin alamomin kuwa suna cikin Waypoint Manager tare da waɗanda ka sa da kanka. Jerin yana farawa ne daga mafi kusa da inda na'urar ke zaton tana, don haka ka fita fili ta kama taurarin ɗan'adam kafin ka yanke hukunci. Duba ma ko akwai matatar da aka bari a kunne tana ɓoye wasu. Akwai kuma iyaka: eTrex 30 tana ɗaukar ajiya 5,000 da alamomin wuri 2,000. Abin da ya haura haka ba zai shiga jerin ba, kuma ba kai ke zaɓar waɗanda za a bari a baya ba.

Batun sharewa yana ba mutane mamaki, amma haka aka gina ta. Alamar wuri kana iya goge ta a kan na'urar. Ajiya kuwa tana cikin fayil ɗin da ya kawo ta, ba ta fita sai an cire fayil ɗin ta kwamfuta. A nan ka yi hattara: a foldar GPX za ka ga wasu fayiloli da sunansu ya fara da Waypoints sannan kwanan wata. Waɗannan alamominka ne da ka adana a fili, ka kwafe su gefe, kada ka haɗa da su. Mai amfani da Mac kuma ya zubar da kwandon shara tun na'urar tana haɗe, in ba haka ba fayilolin suna nan a ɓoye suna cin wuri.

Tsarin da zai raba ka da wannan rikici shi ne fayil ɗaya ga kowane yanki, da suna ɗaya da ba ya canzawa, sabo ya hau kan tsoho. Idan ka bar tsoho da sabo tare, ajiya guda tana cikin fayil biyu, kuma ba ka da tabbacin wane bayani za a nuna maka. Wajen haɗa binciken, ka zaɓi waɗanda ba ka gano ba kuma suke aiki. Amma shafin ba zai san ka gano wata ba sai ka faɗa masa. Duk abin da ka danna a fili, na samu ko ban samu ba, na'urar tana rubuta shi a geocache_visits.txt cikin foldar Garmin. Ka ɗora wannan a sashen daftari na shafin, ka kammala rahotanninka, sannan ka sake gudanar da binciken.

Tsufan bayani ya fi komai ɓata tafiya. Ana dakatar da ajiya, ana janye ta gaba ɗaya, wani lokacin mai ita ya matsar da ita. Fayil ɗin wata uku bai san ko ɗaya ba. Ka sabunta kwana ɗaya ko biyu kafin fita. In yankunanka sun yi yawa, manhajar GSAK ta Windows tana haɗa bincike da dama wuri guda, ta tace, ta fitar da fayil ɗaya. Sai dai ajiyar da aka janye ba ta sake zuwa a sabon bincike, don haka tsohon bayaninta zai zauna a rumbunka kamar tana raye. Ka jera su bisa ranar sabuntawa ta ƙarshe, duk wadda aka bari a baya ka bincike ta.

Yanzu kilomita 20 ɗin nan. Kusan tabbas salon rubuta lambobi ne ya saɓa. Shafin yana amfani da digiri da minti mai ɗigo, misali N 12° 30.500'. Digiri ɗaya minti 60 ne, saboda haka a salon digiri zalla wannan lamba ita ce 12.50833. Wanda ya kwashe alƙaluman yadda suke ya shigar da 12.30500 ya kauce da kusan kilomita 22 da rabi, domin kowane minti na latitud mita 1,852 ne. Ka shiga Setup, sannan Position Format, ka zaɓi hddd°mm.mmm', ma'aunin taswira kuma ka bar shi a WGS 84. Ma'auni daban yana iya karkatar da kai da ɗaruruwan mita, wanda ya fi wuyar ganewa tunda kuskuren bai yi girman da za a lura da shi nan take ba. Ka tabbatar da haruffan arewa ko kudu, gabas ko yamma, kuma lonjitud gurbi uku gare shi, digiri 8 ana rubuta shi 008.

Idan ajiyar mai alamar tambaya ce, wato ta wasa ƙwaƙwalwa, lambobin da ke saman shafinta galibi ba nan take ba. Ainihin wurin galibi yana cikin kilomita 3.2 daga nan, sai ka warware matsalar za ka same shi. In ka warware, ka gyara lambobin a shafin ajiyar kafin ka gudanar da bincike, fayil ɗin zai zo da gyararrun. Ko da komai ya daidaita, na'urar hannu tana da kuskuren mita 3 zuwa 5 a fili, ya fi haka a ƙarƙashin itatuwa ko tsakanin dogayen gine-gine, kuma na'urar wanda ya ɓoye ma tana da nata. In allon ya nuna saura mita 10, ka buɗe ɗan hasken da rahotannin baya, sauran neman da ido za ka yi shi.