Akwatin katin hoto na waje: zai mayar da laftof ɗina injin buga wasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a wani ƙauye kusa da Jahun a Jihar Jigawa. Yayana ya bar mini laftof ɗinsa, HP EliteBook 840 G3, Core i5. Na sa mata wasan ƙwallo, amma 'yan wasan sai su riƙa ɗingishi, wani lokaci ma hoton ya tsaya cak ana tsakiyar kai hari. Na ga bidiyon wani ya jona laftof da wani baƙin akwati, wasa ya koma sumul. Tawa tana da ƙaramin ramin nan irin na cajin waya. In na sayar da tumakina biyu zan iya haɗa irin wannan?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Bar tumakin nan su ci gaba da cin harawarsu tukuna.

Abin da ka gani gaskiya ne, ba haɗin bidiyo ba ne. Sunansa eGPU. Akwati ne da ke ɗauke da abu uku: gurbin da ake soka katin hoto irin na babbar kwamfutar tebur, da na'urar ba shi wuta, da fanka. Katin hoto shi ne ke zana duk abin da kake gani a wasa, daga ciyawar fili har inuwar ɗan wasa, kuma ana so ya zana sabon hoto kamar sau 60 a kowace daƙiƙa. Laftof irin taka ba ta da kati na musamman. Tana amfani ne da ɗan ƙaramin sashe da ke cikin firosesa (na'urar da ke sarrafa duk aikin kwamfuta), wanda aka yi shi don rubutu da lissafin ofis da kallon bidiyo. Shi ya sa 'yan wasanka ke ɗingishi.

Matsalar tana wajen ramin da ka ambata. Ba kowane rami mai siffar USB-C ne ke iya wannan aiki ba. Akwatin yana buƙatar Thunderbolt, fasahar kamfanin Intel, wadda tun daga zubi na uku da ya fito a 2015 ta ari siffar USB-C. Ido ba ya bambance su, sai dai alama: Thunderbolt yakan zo da ɗan zanen walƙiya mai kan kibiya a gefen ramin. Na 840 G3 USB ne zalla. Ko akwatin zinariya ka jona masa, ba zai san an yi ba. A wannan jeri na EliteBook 840, sai daga G5 ne za ka sami Thunderbolt 3. Ga wanda ke son duba tasa, ya buɗe Device Manager a Windows, ya leƙa ƙarƙashin System devices. In akwai, zai ga an rubuta Thunderbolt Controller. Sababbin laftof masu USB4 ma da yawansu suna karɓar akwatin.

To mu ƙaddara ma kana da ramin. Akwai magana ta biyu da masu bidiyo ba sa tsayawa su yi. Ka san injin ban ruwa mai inci uku. Ɗaura masa siririn tiyo ka ga abin da zai isa gona: injin na ta kuka, ruwan na fita kaɗan-kaɗan. A kwamfutar tebur, katin hoto yana magana da firosesa ta layuka 16. Ta Thunderbolt 3 ko 4, layi huɗu ne iyaka, wasu laftof ɗin ma, irin su ThinkPad T480, biyu kawai aka ba su. Saboda haka katin da ka saya da tsada ba zai taɓa ba ka dukan ƙarfinsa ba, kuma gwargwadon girman katin, gwargwadon asarar. In kuma a allon laftof ɗin kake son kallon wasan, asarar ta ƙaru, domin hoton da katin ya zana sai ya sake dawowa ta wannan waya guda, kamar mota biyu sun haɗu a kan siririyar gada. Maganin wannan shi ne a jona talabijin ko wani allo kai tsaye a bayan katin da wayar HDMI.

Magana ta uku ita ce ta fi shafarka. Yawancin 840 G3 masu Core i5 suna ɗauke da firosesa mai ƙwaƙwalwa biyu, wadda aka ƙera don ta riƙa tsimin batir. Kamfanin EA, da ya fitar da wasan ƙwallo na FC 24 a 2023 bayan ya daina amfani da sunan FIFA, mafi ƙarancin abin da ya nema shi ne Core i5-6600K mai ƙwaƙwalwa huɗu, da kati GTX 1050 Ti, da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) giga 8, da fili giga 100. Wato ko an samar maka kati, firosesarka ba ta kai ba. Wanda ya taɓa ɗaure bijimin sa da ɗan maraƙi a garma ɗaya ya san yadda kunya ke karkacewa.

Sai kuɗi. Razer Core X, wanda yana cikin sanannun akwatunan nan, da ya fito a 2018 dala 299 aka sa masa, kuma babu kati a cikinsa, fanko ne. Katin daban za ka saya, allo daban. Ka lissafa wannan da canjin dala na yau, ka ga ko tumaki biyu za su ko kama hanya.

Da ni ne kai, zan riƙe laftof ɗin nan don karatu, in ƙara mata RAM in da hali, in buga tsofaffin wasanni irin su PES 2013 da ba sa wahalar da ita. In wasa ya zama dole, karanta amsar da na ba mai gidan kallon ƙwallo a ƙasa.

Tambaya: Injiniya barka da aiki. Ina gyaran waya da kwamfuta a kasuwar wani gari kusa da Bichi. Na ga ana tallar wata 'yar na'ura mai araha, EXP GDC, wai ana cire katin wayfai na laftof a soka ta a gurbinsa, ba sai da Thunderbolt ba. Wani kwastoma ya matsa mini in haɗa masa. In karɓi aikin?

Amsa: Abokin sana'a, barka kadai. Na'urar tana aiki, kuma a gaskiya ina son irin wannan ƙirƙira, domin tana farfaɗo da tsofaffin laftof da kowa ya yafe. Amma ka san abin da za ka shiga.

Gurbin wayfai layi ɗaya tak yake da shi. Ɗazu muna kukan huɗu sun yi kaɗan, to ga ɗaya. Babban kati a nan ɓarnar kuɗi ne. Ƙarami irin GTX 750 Ti ko 1050 Ti shi ne daidai wuyansa. Sannan laftof ɗin ta tashi daga tafi-da-gidanka ta koma zauna-gidanka: murfin ƙasa a buɗe ko a huje, waya na leƙowa, wayfai ya tafi sai an sayi na USB, kuma ba a cirewa ko sokawa tana kunne. Katin yana zaune tsirara a kan tebur, yana jiran wutarsa daga na'urar wutar kwamfutar tebur ko babbar cajar nan ta Dell mai wat 220. A gidan da yara ke shiga da fita, kaji na tsalle, ga kofin shayi a gefe, ka ga abin da nake nufi.

Akwai kuma tarko biyu. Wasu laftof ɗin Lenovo da HP na da, an kulle BIOS ɗinsu, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, ta yadda in ba katin wayfai da kamfanin ya amince da shi suka gani a gurbin ba, ba za su ma tashi ba. Na biyu, katunan Nvidia daga jerin GTX 10 zuwa sama sukan nuna kuskuren da ake kira Error 43 a irin wannan haɗi, sai an bi ta wasu dabaru, kuma sabunta manhajar katin na iya dawo da shi. Ranar da ya dawo, shagonka kwastoman zai zo, ba Caina ba.

In laftof ɗin tana da gurbin M.2 na ma'ajiyar fayil mai sauri da ake kira NVMe, wannan ya fi kyau nesa ba kusa ba, domin layi huɗu ne, kuma akwai adafta irin na ADT-Link da aka yi don shi. Sai dai ka nemo wa Windows wani wurin zama, in ma'ajiyar da yake kai ce za ka cire. Ka karɓi aikin in kwastoman ya yarda gwaji ne, da kuɗinsa, kuma ka gaya masa haka a gaban shaida.

Tambaya: Malam, ina da gidan kallon ƙwallo a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Kibiya. Ina so in ƙara da wasan gem da rana kafin a fara wasannin yamma. Ina da laftof mai Thunderbolt da wani ɗan'uwa ya aiko mini. Wutarmu sola ce, batir ɗaya mai 200, sai ƙaramin janareta. Akwatin nan zai yi mini?

Amsa: Alhaji, kai kam ka tsallake shingen farko, amma bari mu yi lissafin wuta, don a ƙauye nan ne gizo ke saƙar.

Ɗauki matsakaicin kati, RTX 3060. Shi kaɗai yana jan wat 170 in wasa ya yi zafi. Ƙara laftof, kamar wat 65, ƙara talabijin, ƙara abin da ke salwanta a cikin na'urar wutar akwatin da inbata. Kana dab da wat 300. Batir mai amfiya 200 a kan bolt 12 yana riƙe da wat 2,400 na awa ɗaya a takarda, amma in na ruwa ne ko irin na gel, rabi ake so ka ci in kana son ya yi maka shekaru. Saura 1,200. Raba da 300: awa huɗu, in ba a kunna fanka ko ƙwai ko ɗaya ba. Da rana faranti na taimakawa, gaskiya ne, amma wutar da ya kamata ta cika batir don wasan dare ita ce gem ke sha. Ranar da Arsenal za ta buga da ƙarfe takwas batir ya yi ƙasa, ka san irin surutun da za ka sha. RTX 4060 ya fi tsimi, wat 115 yake ja, kuma bai gaza 3060 ƙarfi ba. In dai sai ka saya, shi zan nuna maka.

Ka duba jikin inbatarka. In ba a rubuta Pure Sine Wave ba, kada ka jona akwatin. Na'urorin wutar kwamfuta na zamani ba sa jituwa da gurɓatacciyar wutar ƙananan inbata, sukan yi ƙara, su ɗauke, wani lokaci su ƙone. Ɗan janaretan nan mai cin fetur haɗe da baƙin mai ma haka, wutarsa hawa da sauka take yi. Kuma ka tuna akwatin ba shi da batir. Laftof za ta ci gaba da numfashi in wuta ta ɗauke, shi kuwa nan take zai mutu, wasa ya rufe, yaran da suka biya kuɗi kowa ya rantse shi ke kan gaba da ci biyu.

Ga ƙura. Fankokin katin zuƙo iska suke yi, kuma da hunturu abin da suke zuƙowa kowa ya sani. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a ɗakin kwano. Kati in ya yi zafi da kansa yake rage gudu. Dole a ɗaga akwatin daga ƙasa, a rufe shi da ƙyalle in an kashe, a riƙa hure shi lokaci-lokaci.

Amma tambayar da zan yi maka ita ce, me ya kai ka wannan doguwar hanya? Sana'a za ka yi. PlayStation 4 na hannu yana jan wutar da ba ta kai rabin wancan lissafi ba, yaro ɗan shekara goma zai kunna shi, hannun wasa biyu za ka jona a fara wasa, kuma in ya lalace akwai masu gyaransa a Kano. In akwatin Thunderbolt ya lalace, da wuya ka sami mai kayan gyaransa ko a titin Beirut. In kuma kwamfuta kake so lallai, nemi tsohuwar ta ofis irin Dell OptiPlex mai Core i5 ko i7 na tebur, a soka mata GTX 1650, wanda wat 75 kawai yake ja kuma yawancinsa ba ya neman ƙarin wayar wuta. Ka dai tabbatar an ba ka gajeren samfurin in kwamfutar siririya ce.

Wanda akwatin nan ya dace da shi daban ne: mai laftof mai ƙarfi da yake yawo da ita wurin aiki, mai zanen gine-gine ko tace bidiyon biki, wanda in ya dawo gida yake so ya soka waya ɗaya ya sami babban allo da ƙarfin kati, har da caji, tunda Core X na tura wa laftof wuta har wat 100 ta wannan waya. Kuma yana da tsayayyiyar wuta.

Wani abu kan kati na hannu, wato wanda aka taɓa amfani da shi, tunda na san can za a nufa. Bayan an daina amfani da katunan hoto wajen haƙo kuɗin intanet ɗin nan Ethereum a Satumbar 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun cika kasuwannin duniya. Na taɓa sayen ɗaya a hannun wani mai shago, fes da shi kamar sabo, minti ashirin da fara wasa allo ya cika da ɗige-ɗige kore. Kada ka biya sai an kunna wasa mai nauyi a gabanka na rabin awa.

Tambaya: Yaya, ni ɗaliba ce daga wajen Ringim, MacBook Air M1 gare ni, kuma tana da Thunderbolt. Zai yi?

Amsa: Ba zai yi ba, ƙanwata. Apple ya buɗe ƙofar eGPU a 2018, amma ga Mac masu firosesar Intel kawai, kuma da katunan AMD. Tun daga M1, firosesar Apple ta kansa da ta fito a 2020, Mac masu irin wannan firosesa ba sa karɓar katin waje ko da ramin na nan.

Tambaya: Malam, a waya fa? Ina buga PUBG a Tecno, ita ma ramin cajinta USB-C ne.

Amsa: A'a. Ramin wayarka na caji ne da tura fayil, kuma Android ɗinta ba ta san yadda za ta yi magana da irin wannan kati ba. Shiga saitin wasan ka mayar da ingancin hoto zuwa Smooth, ka rufe sauran manhajoji, ka cire rigar wayar don ta sha iska, kuma ka daina bugawa tana kan caji.