Tambaya da Amsa: Kufan Ailan da ake ce wa gidajen aljanu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana da ke karatu a ƙasar Ailan ya ce akwai wasu zagayayyun tuddai a tsakiyar gonaki da manoma ba sa kai musu garma, wai gidajen aljanu ne. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kufan mutane ne. Gidajen manoma masu shanu ne da aka gina akasari tsakanin shekarar 500 zuwa 1000 miladiyya, kuma an gano fiye da 40,000 a faɗin tsibirin. Ana haƙa rami a zagaye, a tara ƙasar daga ciki ta zama ganuwa, faɗin filin kamar mita 30, da ƙofa guda. A yammacin ƙasar, inda dutse ya yi yawa, da dutse aka gina wasu, kamar Staigue a yankin Kerry.

Da bukkokin suka ruɓe aka manta masu su, sai mutanen karkara suka ce mazaunin wasu halittu ne da ba a gani, kamar yadda ake faɗa kan tsohuwar tsamiya a nan. Wanda ya nome wurin ko ya sare ƙayar da ta tsiro a kai, an ce shanunsa za su mutu, madara ta ƙafe, ko ciwo ya kwantar da shi. An fi kiyayewa a daren 31 ga Oktoba da jajibirin 1 ga Mayu. Irin waɗannan labarai ɗaliban firamare suka rubuta daga bakin tsofaffi tsakanin 1937 zuwa 1939, suna nan a ajiye a Dublin. Ko a 1999, sai da wata bishiyar ƙaya a Latoon, yankin Clare, ta tsira daga aikin babbar hanya bayan an yi ta kiran kada a taɓa ta.

Camfi ne, amma a ganinmu shi ya tsare kufan nan ƙarni bayan ƙarni. Da manyan injuna suka shigo, an baje da yawa. Waɗanda suka rage, kofaton shanu na zaizaye ganuwarsu da damina, saiwar itatuwa na hargitsa abin da ke binne, wasu kuma na da ɗakin ƙarƙashin ƙasa da kan rufta idan tarakta ta hau.

Ki gaya wa ɗanki: yawancinsu cikin gonar wani suke, sai ya nemi izini, ya rufe ƙofar shinge bayansa. Kada ya tona ko ya ɗauki dutse, domin doka ta hana, har da neman kayan tarihi da na'urar gano ƙarfe ba lasisi.