Kasiyas a wasan Julius Caesar: mugu ne kawai?

Tambaya: Malam, muna karanta wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna Julius Caesar. Malaminmu ya ce Kasiyas mugu ne, Burutus kuma mutumin kirki ne da aka yaudara. Haka abin yake?

Amsa: 'Yata, malaminku yana da hujja, amma bai kai maganar ƙarshe ba. Hassada kam akwai ta. Da Kasiyas ya zo zuga Burutus ya shiga maƙarƙashiyar kashe Kaisar, shugaban Rum, bai lissafa wani zalunci da Kaisar ya yi wa talakawan Rum ba. Labarin iyo ya kawo: sun faɗa kogin Taiba, Kaisar ya gaji yana kiran a cece shi, shi ya tsamo shi. Ya ƙara da zazzaɓin da ya kama Kaisar a Sifen, yana makyarkyata yana roƙon abin sha. Abin da ke ci masa rai ke nan: wanda na fitar daga ruwa, yau shi zan rusuna wa? Daga nan ya shirya wasiƙun ƙarya da rubutu iri-iri, aka jefa ta tagar Burutus kamar jama'a ne ke kuka.

Sai dai a cikin maƙarƙashiyar nan babu mai karanta mutane kamarsa. Ya ce a haɗa da Antoni, na hannun daman Kaisar, a kashe, Burutus ya ƙi. Bayan kisan, wanda a tarihi ya auku ranar 15 ga Maris, shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce kada a bar Antoni ya yi jawabi a gaban gawa. Burutus ya bar shi, jawabin kuwa ya juya musu gari. Da yaƙi ya tashi tsakaninsu da ɓangaren Antoni, ya ce a zauna abokan gaba su sha wahalar tafiya, Burutus ya dage sai an je an tare su a garin Filibi. Duk shi ke da gaskiya, duk kuma ya sakar wa Burutus.

Me ya sa? A ganina, mutumin da ya jawo Burutus don ya fake da mutuncinsa ya koma ba ya iya jure fushinsa. Karanta rigimarsu a cikin tanti, inda Burutus ya zarge shi da sayar da muƙamai: Kasiyas ya miƙa masa wuƙa, ya buɗe ƙirji. Makirci zalla ba ya haka.

A Filibi ma, kuskuren zaton an kama amininsa Titiniyas ne ya sa ya umarci bawansa Findarus ya soke shi da takobin da ya soki Kaisar.