Anini Nawa Ne a Kafaɗar Janar?

Tambaya daga unguwar Shadawanka, Bauchi: Allah gafarta Malam, me ya sa ake cewa janar mai anini huɗu, alhali tauraro ake nufi?

Anini kuɗi ne na zamanin Turawa, goma ke yin kwabo ɗaya, da huji a tsakiya da zanen tauraro. Ana kuma kiran maɓallin ƙarfe na riga anini, shi ya sa ƙarfen da ke ƙyalli a kafaɗar hafsa ya gaji sunan. Lissafin kuwa: ɗaya birgediya janar, biyu manjo janar, uku laftanar janar, huɗu cikakken janar. Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu karanta labarai da suke yanke gaban muƙamin, kowa ya zama "Janar" zalla. Marigayi Muhammadu Buhari yana manjo janar ya bar soja, haka Aguiyi-Ironsi yake lokacin da aka kashe shi a 1966. Yakubu Gowon ne ya fara zama cikakken janar a ƙasar nan, a 1971, sai Murtala a farkon 1976. Tsakanin anini biyu da huɗu akwai shekaru da albashi da gaisuwa. A bakin mai hira a majalisa ba komai, amma wanda aka ba makirufo ya faɗi muƙamin mutum cikakke. Kuma masu son maye gurbin anini da "tauraro" don su nuna sun yi boko, su bar mana kalmarmu.

Daga Kumo: Manjo ya fi laftanar, to yaya laftanar janar ya fi manjo janar?

Asalin sunan manjo janar a sojan Ingila samanja janar ne, daga baya aka gutsure shi. Samanja kuwa yana ƙasa da laftanar.

Wata malama daga Azare: Shin akwai mai anini biyar? An ce albashinsa ba ya yankewa.

Akwai, Malama. Fil mashal ke nan a tsarin Ingila da muka gada, sai dai Najeriya ba ta taɓa naɗa kowa ba. Idi Amin na Yuganda ya zama fil mashal a 1975, Sisi na Masar a 2014, Idris Debi na Chadi ya zama mashal a 2020. Zancen albashin daga Amurka ya fito. A Disamban 1944 suka ba manyan janar-janar ɗinsu, Marshall da MacArthur da Eisenhower da Arnold, anini biyar, don kada hafsoshinsu su zauna ƙasa da na Ingila a yaƙin duniya na biyu. Omar Bradley ya biyo a 1950, kuma daga kansa ba a ƙara ba. Dokarsu ta bar mai wannan muƙami a kan cikakken albashi da alawus har mutuwa, don haka Bradley bai koma ɗan fansho ba har ya rasu a 1981. Eisenhower sai da ya ajiye muƙamin a 1952 don takarar shugaban ƙasa, aka mayar masa a 1961. Wannan shi ne murabus: mutum ya ajiye da kansa. Wanda shekarun aikinsa suka cika ritaya ya yi, a daina rubuta "Janar mai murabus" ga kowane tsohon soja.

Daga Dukku: Wace sarautarmu ce ta yi daidai da janar?

Madaki, wato madawaki, jagoran mayaƙan doki. Sai kuma Sarkin Yaƙi, wanda sunansa ya bayyana aikinsa.

Daga Misau: Me ake nufi da "soja birgimar hankaka"?

Ka ƙarasa shi mana: kowa ya ga baƙinka ya ga farinka. Hankaka baƙi ne mai farin ƙirji, in ya yi birgima duka biyun suna bayyana. Kirari ne ga wanda ake jin tsoronsa kuma ake cin moriyarsa, daga kurtu har mai anini huɗu.