Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Duwatsun Garinmu Ba Sa Fitowa a Hoto Yadda Ido Ke Ganinsu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye da ke kusa da Birnin Kudu a Jihar Jigawa. Bara na tara kuɗin riɗin da na noma na sayi kyamara ta hannu domin in riƙa ɗaukar duwatsun yankinmu, amma har yau hotunan ba su gamsar da ni ba. Idan sararin sama ya fito da kyau, sai dutsen ya yi baƙi ƙirin. Idan kuma dutsen ya fito, sai saman ya yi fari fat. Shin laifin kyamarar ne, in sayar da ita in nemi babba?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kada ka sayar da kyamararka, domin ko wadda ta ninka ta tsada ka saya, abin da za ta ba ka ke nan muddin lokacin fitarka bai canja ba. Ina kyautata zaton sai hantsi ya dubi ludayi kake isa wurin dutsen, ko kuma bayan azahar, kuma a waɗannan lokuta rana tana dukan dutse daga sama, inuwar da ke nuna tsagu da ramuka ta ɓuya a ƙarƙashinsa. Idon ɗan Adam yana iya ganin wuri mai tsananin haske da wuri mai duhu a kallo guda, ita kuwa kyamara iyakarta ba ta kai nan ba, shi ya sa take zaɓen ɗaya ta sadaukar da ɗaya.

Magani na farko shi ne sammako. A ƙasar Kano da Jigawa rana tana fitowa wajen ƙarfe 6:50 a watan Janairu, wajen ƙarfe 6:05 kuma a watan Yuni, saboda haka idan ka kama hanya da an sallame sallar asuba, za ka tarar da haske mai taushi yana zuwa daga gefe, yana fito da kowace tsaga ta jikin dutse. Haka yake da la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana. Sai dai wannan haske ba ya jira, domin a nan kusa da tsakiyar duniya rana miƙewa take yi tsaye, kuma kafin awa guda ta cika ya riga ya yi kaifi. Don haka ka je tun ana gobe za ka ɗauki hoton ka zaɓi inda za ka tsaya.

Akwai wani abu da masu koyo ba kasafai suke lura da shi ba, wanda a ganina ya fi sanin maɓallan kyamara amfani. Rana ba daga wuri ɗaya take ɓullowa duk shekara ba. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Maris tana karkata kudu, har fuskar dutsen da ta miƙe tsaye tana kallon arewa takan wuni cikin inuwa. Wajen ƙarshen Afrilu da kuma wajen ƙarshen Agusta rana tana bi ta tsakar kanmu, a tsakanin waɗannan watanni biyu kuma tana karkata arewa. Ke nan idan fuskar da kake so ta arewa ce, ka haƙura sai Mayu zuwa Yuli. Shawarata ita ce ka zaɓi dutse guda kusa da gida, ka ɗauke shi daga wuri guda a bazara da damina da kaka da hunturu, kana rubuta rana da lokaci a littafi.

Game da saiti, ka ajiye ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a kan 100, ƙofar haske, wato ramin da haske ke shiga kyamara ta cikinsa, a kan lambar f/8 ko f/11, sannan ka auna hasken daga sararin sama, domin inuwar da ta yi duhu ana iya farfaɗo da ita a kwamfuta, musamman idan ka ɗauka da tsarin RAW, wanda ke adana ɗanyen hoto ba tare da kyamara ta sarrafa shi ba, amma saman da ya ƙone ya yi fari ba ya dawowa. Idan ba ka da ƙafar kyamara, ka cika ɗan buhu da gero ka aza a kan falalen dutse ka ɗora kyamarar, ka saita ta ɗauka bayan daƙiƙa biyu domin kada hannunka ya girgiza ta. Ka kuma sa wani abu a gaban hoton da zai nuna girman dutsen, kamar kuka ko giginya ko garken shanu.

Damina ce ke ba da hoto mafi kyau, ita ce kuma ta fi haɗari. Wata la'asar cikin Agusta na tsaya a bayan garin Dutse, hadari ya haɗo baƙi daga gabas, rana kuma tana bayana ta yamma, sai duwatsun suka yi ja kamar garwashi a gaban wannan duhu, ganyen dabino yana ƙyalli. Abin bai wuce minti biyar ba iska ta taso da ƙura. A wajen saukowa na taka gansakuka, santsi ya kwashe ni, na yi makonni ina ɗingishi. Tun daga ranar nake ɗaukar hadari daga gindin dutse. Idan ka ga walƙiya, ka ƙirga daƙiƙoƙi har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa uku kimanin kilomita ɗaya ce, kuma da zarar kunnenka ya ji tsawa ka sauko, kada ka fake a ƙarƙashin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Ka sa takalmi rufaffe, kada ka tura hannu cikin tsagar da ba ka ga ƙarshenta ba saboda kububuwa da kunama, ka kuma sanar da mutanen gida inda ka nufa.

Tunda kai ɗan Birnin Kudu ne, ina roƙonka abu guda game da tsofaffin zane-zanen shanu da ke jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda Bature masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950. Kada ka yayyafa musu ruwa don launinsu ya fito, kada kuma ka shafa su da hannu. Ka nemi izinin masu kula da wurin, ka ɗauke su lokacin da suke cikin inuwa gaba ɗaya, domin a lokacin jan launin ya fi bayyana.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce a karkarar Rano, kuma da waya nake ɗaukar hoto. Da hunturu komai toka-toka yake fitowa. Shin in ajiye ɗauka sai hazo ya wuce?

AMSA: Malama, kada ki ajiye. Wannan ƙura da iskar arewa maso gabas ke kwasowa, wadda mai yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, tana shafe abin da ke nesa, amma tana jera duwatsu saf-saf, na kusa ya yi duhu, na bayansa ya yi haske-haske, har na ƙarshe ya narke cikin hazo. Ki nemi wurin da duwatsu suka jeru a bayan juna, ki fuskanci inda rana take da safe lokacin da ta yi kamar faifai, ki taɓa wuri mafi haske a fuskar wayar, sannan ki ja hasken ƙasa kaɗan. Bishiyar gawo za ta taimake ki, domin ita a rani take yin ganye shar lokacin da ciyawa ta bushe. Kada ki goge gilashin kyamarar da gefen mayafi alhali da ƙura a kansa, domin yashin zai karce shi. Ki fara kaɗe ƙurar da burushi mai taushi, sannan ki goge da kyalle mai laushi, ki mayar da wayar cikin jaka idan kin gama.