Amsar tambayarka kan askin suna

Ɗana Bello, saƙonka ya iso, kuma na ga tambayarka a kan ko ya dace a kira wanzami ya yi wa jaririnka askin suna ranar bakwai kamar yadda aka saba a gidanmu, ko kuwa a bar abin saboda tsoron ciwon hanta nau'in B. A kira shi, domin askin sunna ne, kuma wanzaman Sakkwato, tun daga Sarkin Aska har yaransa, mutanen mutunci ne. Abin da zan hana shi ne aska ɗaya ta bi kawunan yara da yawa.

Ga dalilina: bairos ɗin, wato ƙwayar cutar da ke kawo wannan ciwo, yana ɗauke da DNA, wato zaren da ke ƙunshe da kayan gadonsa, mai harafi kimanin 3,200, kuma wannan zare yana naɗe cikin wani kwanso da galibi furotin iri ɗaya guda 240 ke haɗuwa su gina. Kowane furotin yana da ɗan wutsiya mai cike da wani sinadari da ake kira ajinin (arginine), wanda cajinsa na lantarki kishiyar na sinadarin fosfet ɗin da ke jikin DNA ne, saboda haka suna jan juna, su riƙe zaren da da sai ya yi ta ture kansa a wannan matsatsin wuri. Masu bincike sun yanke wutsiyar, kwanson ya ginu, amma ya kasa ɗaukar kayan gadon cutar yadda ya kamata. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, RNA, wato wani zare ɗan'uwan DNA, ake fara kullewa a ciki tare da sinadarin da ke kwafe shi, sai bayan an rufe kwanson ake mayar da shi DNA, sannan a lulluɓe duka da wata riga ta waje.

Cutar da aka killace haka tana iya yin kwana 7 a busasshen jini a bakin aska ba ta mutu ba, kuma jaririn da ya kamu yakan riƙe ta har girmansa, kusan tara cikin goma. Don haka ka sayi sabuwar reza, a ɓare ta a gabanka, kada a cire belu, kuma ka tabbata an yi wa yaron allurar rigakafin da ake yi cikin awa 24 da haihuwa; idan an makara, ku kai shi asibiti gobe. Ka gaishe da maijego.

Baffanka.